Wa Zai Sauka Ya Rufe Ƙofa?

Litinin, 4 ga Afrilu, da hantsi

Jiya aka yi Ista, ni kuwa na ɓata wa kowa bikin, kuma ban yi da-na-sani ba. Ana fitowa daga coci na tsaya a kan matakala na ce duk wanda ya sa wa sojoji hannu a takarda ya ba su ƙasar ubansa, kada ya ƙara tako min gida, ko gawata aka shimfiɗa. Fada ya ce, "Delfina, yau ranar murna ce fa." Na ce, "To a yi murna mana, Fada, wa na riƙe wa ƙafa?" Kowa ya sunkuyar da kai yana lalubar makullin motarsa.

Kwarin nan gaba ɗaya suke so, daga tsaunin gabas har kogi, wai wurin koyon harbi da tankokin yaƙi. Sun ce fili ne na banza, babu kowa a cikinsa. Ni ce babu kowan ke nan. Ni da shanuna, da mijina Amador da ke kwance a kabarinsa a kan tudu kusa da uwarsa da ubansa.

Na dawo ni kaɗai. A ƙofar shinge ta bakin hanya na tsaya, na sauka, na buɗe, na shiga mota na wuce, na sake tsayawa, na sake sauka, na rufe. Da Amador yana da rai shi ke tuƙi ni ke sauka, don wanda ke zaune gefen direba shi ne mai ƙofa. Da yaronmu ya yi wayo sai aikin ya koma kansa. Yanzu ni ce direba, ni ce mai ƙofa. Ƙofar ta waya mai ƙaya ce da sanda a bakinta, Amador ya ɗaure wayar nan tamau, sai ka rungumi sandar ka danna da kafaɗa kafin zoben ya shiga. Kafaɗata ta hagu tana ciwo.

Ba zan rubuta komai a kan yaron ba.

Laraba, 6 ga Afrilu, da yamma

Yau na yi dariya, ban san ina da sauranta ba.

Ina dawowa da gishirin shanu a a-kori-kura sai ga motar sojoji a bayana. Wani matashi ya diro, wai Kyaftin Dorsey, wandonsa ya sha guga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya ce, "Zauna abinki, Uwargida Baca, bari na buɗe miki." Na ce bismilla. Ya yi ta kokawa da sandar har ya buɗe. Na wuce, direbansa ya wuce. Ya sake kokawa, fuska ta yi ja, ya rufe. Sai da ya karkaɗe hannu ya ɗago kai sannan ya ga ya rufe kansa a waje, mu muna ciki. Kunya ta hana shi sake buɗewa, ya ratsa tsakanin wayoyin, ƙaya ta farke masa wando a ɗuwawu.

Da wannan Amador yake gane baƙo. Duk ɗan birnin da ya ɗauko sai ya bar shi da ƙofa, ya zuba ido a madubi, in ya rufe kansa a ɗaya gefen sai ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, a nan za ka kwana?" Ɗan shekara biyar a kwarin nan ba ya yin wannan.

Na ba shi kofi, don ba a taɓa shigowa gidan nan an fita da busasshen baki ba. Ya ce ƙasa tana buƙatar filin. Na ce takardar mallakar gidan nan ta girmi kakansa, kuma da gwamnatin da ke aiko shi ta iso nan, kakannin Amador ta tarar suna kiwo. Ya ce ya sani, doka ce ta ba su ikon karɓa in dai za a biya. Na ce, "Ashe doka ta san sayen abin da ba a kasa a kasuwa ba?" Ya juya kofin a hannunsa. Can sai ya ce, "Ɗanki dai ya fahimci yadda..."

Na ɗauke kofin daga hannunsa bai gama sha ba.

Juma'a, 8 ga Afrilu, da rana

Iska tun safe. Jar saniya ta haifi maraƙi. Ba wanda ya zo.

Lahadi, 10 ga Afrilu, da safe

Ban je coci ba. Na yi addu'ata a kan tudu, na cire ciyawa a gefen Amador, na gaya masa duk abin da ake ciki ban da abu ɗaya.

Asabar ta ƙarshen wata ce ranar sa wa maruƙanmu alama, kamar kowace shekara. Ba a gayyata, kowa a cikin maƙwabta ya san layi: na Benigno a fara, sai na su Kessler, sannan namu. Na fito da ƙarfen lalas na kankare tsatsa. Tarho ya yi ta ƙara a cikin gida, ban ɗauka ba.

Talata, 12 ga Afrilu, da la'asar

Na ji ana ta danna hon a bakin hanya. Na hau doki na je, sai ga Ofelia matar Benigno tsaye a wajen shinge, hannu a ƙugu. Ita ta riƙe yaron ranar da aka yi masa baftisma, tun daga nan muke kiran juna comadre.

Na ce, "Hannunki ne ya karye da ba za ki buɗe ki shigo ba?"

Ta ce, "Ke kika ce kada mu tako miki gida ko gawarki aka shimfiɗa. Zuwa na yi na leƙa ko an shimfiɗa."

Na ce tukuna, ta yi haƙuri.

Ta miƙo min gurasa mai zafi a cikin tawul ta saman waya. Na karɓa, don gurasar ba ta sa hannu a takardar kowa ba. Ta ce Benigno bai ƙara barci mai daɗi ba tun da suka sa hannu. Na ce da kyau. Ta ce, "Haba comadre, bakinki kamar reza! Mutumin nan ƙafa ɗaya gare shi mai aiki, da me zai yi faɗa da sojoji?"

Sai ta faɗi abin da na hana kowa faɗa. Ta ce, "Celso ya kira ni. Ya ce kullum yana buga miki ba kya ɗauka. Ya ce ya sa hannu a kan rabinsa na filin ne don kada ya ga ranar da za a kinkimo ki daga ɗaki a gaban mutane, kamar yadda aka yi wa wani tsoho a bayan kogi. Ɗanki ne fa, Delfina, shi kaɗai Allah ya ba ki."

Na ce, "Ki gaida Benigno." Na juya doki.

Gurasar ta yi gishiri. Na cinye duka a tsaye.

Alhamis, 14 ga Afrilu, da yamma

Na je gari wurin lauya. Ya ce Amador ya bar filin da suna biyu, nawa da na yaron, kuma tunda suna ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan ba shi da ƙarfin tsayawa sosai. Na ce masa ban zo neman ƙarfi ba, na zo ne ya je ya gaya wa alƙali na ce a'a. Ya ce wannan kam zai iya.

Sauka biyu da fita, sauka biyu da dawowa. Kafaɗar nan.

Asabar, 16 ga Afrilu, da rana

Hayaƙi a garken Benigno, ana gani daga tudu. In iska ta juyo har warin gashin da ya ƙone ina ji. Tun ina amarya ban taɓa fashin ranarsa ba, ni nake riƙe allurar rigakafi, Ofelia tana zagina wai ina soka wa maruƙa kamar ina jin haushinsu.

Na wanke tagogi. Ba su yi datti ba.

Laraba, 20 ga Afrilu, da safe

Sojoji sun kakkafa sanduna masu jan ƙyalle a kan tudu, ɗaya ma dab da ƙafafun surukata. Na tumɓuke su kakaf. Itace ne mai kyau, busasshe, ya dafa min wake.

Juma'a, 22 ga Afrilu, da magariba

Kotu. Alƙalin bai ko kalle ni ba. Ya ce in tashi ƙarshen Mayu.

Wai za a bar ni na riƙa ziyartar kaburbura sau ɗaya a shekara, da soja ɗan rakiya. Na gode, ranka ya daɗe.

Akwai wani mutum da ya zauna a bencin baya da hularsa a kan gwiwa, ya rame. Ban juya ba. Ta gilashin ƙofa na gan shi.

Lahadi, 24 ga Afrilu, da rana

Ba wanda ya zo.

Juma'a, 29 ga Afrilu, da la'asar

Na tattaro shanu zuwa garke ni da kare Chato, tun asuba muke fama. Na yanka rago, na jiƙa wake a babbar tukunya, na niƙa jan barkono har idona na ruwa. Na fito da dogon teburi ƙarƙashin bishiya, na jera faranti yadda na saba. Na lura na ajiye farantin yaron a inda yake zama, gefen da rana ba ta bugawa. Na bar shi, ɗaukewa ma aiki ne.

Abin da na faɗa a coci na faɗa. Amma ranar alama ba ranar gaba ba ce. Amador da tsoho Kessler sun yi shekaru ba sa gaisawa a kan wani bijimi, duk da haka kowa yana zuwa ranar kowa, a yi aiki a watse ba a ce uffan ba. Za su zo.

Asabar, 30 ga Afrilu, da yamma

Na hura wuta kafin rana ta fito, na sa ƙarfe a ciki. Na je na buɗe ƙofar bakin hanya na bar ta a wangale don kada kowa ya wahala da sauka. Na ɗora kofi.

Kofi ya tafasa ya huce, na sake ɗorawa. Shanu suna ta kuka a garke, uwaye a gefe guda, 'ya'ya a gefe guda. Duk ƙurar da ta tashi a hanya sai na miƙe tsaye. Ɗaya guguwa ce, ɗaya motar sojoji ce ta wuce, direban har da ɗago min hannu, ɗan rainin wayo.

Da rana ta take na ce to, Delfina, ai kina da hannu biyu. Na jefa igiya na kama ɗan jar saniya, na ɗaure a sirdi, na sauka na kayar da shi da ƙyar, na danne da gwiwa. Kafin na miƙa hannu na ɗauko ƙarfe ya shure ni a haƙarƙari. Na sake kayar da shi. Ya yi zillo, ƙarfen ya zame, alamar ta fito a dagule, ba a gane harafin Amador ba a gane komai. Na ƙona shi a banza. Ya tashi yana kuka ya nufi uwarsa, ni kuma na zauna a cikin ƙasa na yi nawa kukan, da ƙarfi, tunda babu mai ji.

Na sake su duka suka koma kiwo. Na ci abinci a dogon teburi, ni da Chato. Ya ci naman mutum uku.

Ni na ce kada su zo, na sani. Amma wallahi ban zaci za su ji maganata ba. Tun yaushe ake jin maganata a kwarin nan?

Na je na rufe ƙofa.

Litinin, 2 ga Mayu, da rana

Wake.

Laraba, 4 ga Mayu, da magariba

Manyan motoci sun kwashe shanun Kessler. Injin iskar da ke jawo musu ruwa ya tsaya, sun ɗaure shi. Da, in magariba ta yi ina ganin fitilu a gidaje uku daga baranda. Yau tawa ce kaɗai. Diloli ma sun matso, sun san an watse.

Wake kuma. Tarho ya yi ƙara, na tsaya a kansa har ya gaji.

Asabar, 7 ga Mayu, da hantsi

Jami'in gwamnati mai duba alamar shanu ya zo. Ya ce ba zai ba ni izinin fitar da maruƙa ba sai da alama a jikinsu, maraƙin da ba shi da alama na kowa ne. Na ce to su zauna, mu zauna tare. Ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Uwargida, abin da aka tarar a nan bayan ƙarshen wata, sojoji za su san yadda za su yi da shi." Bai faɗi yadda ɗin ba, ni ma ban tambaya ba.

Waɗannan shanun jikokin shanun da surukina ya koro da ƙafa ne. Ba zan bar su ga masu koyon harbi ba. Amma da wane hannu?

Talata, 10 ga Mayu, da yamma

Na hau tudu na gaya wa Amador abu ɗayan. Na ce ɗanka ne, kai ka sa sunansa a takarda, sai ka san abin da za ka ce. Bai ce komai ba, dama haka yake tun yana raye.

Ina jin kewar yaron kamar ciwon haƙori. To, na rubuta.

Asabar, 14 ga Mayu, da la'asar

Kukan shanu ne ya tashe ni, da warin hayaƙi. Na fito da bindiga a hannu ina cewa yau sojoji za su san ni. Sai na tarar da shanu a garke, wuta tana ci, Benigno a kan doki da gurguwar ƙafarsa yana jefa igiya, Ofelia riƙe da allura. Wani mutum kuma durƙushe a kan maraƙi, ya ba ni baya. Na san ƙeyar nan, ni na yi ta wanke ta.

Ofelia ta ce, "Garke ba gida ba ne, comadre, ba mu tako miki gida ba. Ajiye bindigar nan kafin ki harbe ƙafarki."

Benigno bai kalle ni ba, ya dai ce, "Ƙarfe ya yi ja, Delfina."

Na ajiye bindiga na ɗauki ƙarfe. Wancan ya danne maraƙi, ni na ɗora alama. Ya saki, aka jawo wani, ya danne, na ɗora. Haka muka yi har rana ta karkata, kanmu dab da juna, ina jin numfashinsa, ba wanda ya ce uffan. Hannunsa ya yi laushi a birni, igiya ta saɓule masa fata, bai nuna ba. Da aka zo kan ɗan jar saniya ya ga dagulalliyar alamar, ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Mama, ke kaɗai kika kayar da shi?"

Na ce, "Riƙe ƙafar da kyau."

Lahadi, 15 ga Mayu, da safe

A mota ya kwana, a bakin garke. Na ajiye masa abinci a baranda, ya zo ya ɗauka daga ƙasa bai hau matakala ba. Taurin kan ubansa ne. Ofelia za ta ce nawa ne, ƙarya take.

Alhamis, 19 ga Mayu, da rana

An kwashe shanu. Wani makiyayi daga arewa ya saye su duka tare, bai raba uwa da ɗa ba, wannan kaɗai na roƙa. Jar saniya ta ƙi hawa mota sai da na yi mata magana.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Chato yana ta zagaya garke yana shinshina.

Litinin, 23 ga Mayu, da yamma

Ina fito da kaya baranda, shi yana ɗauka daga nan ya loda. Har yanzu bai hau matakala ba, ni kuma ban ce ya hau ba. Ya ce sun gyara min ɗaki a gidansu, tagarsa tana kallon tsauni. Na ce ban tambaye shi ba.

Ɗazu na hango shi a kan tudu, a durƙushe. Ya daɗe.

Talata, 31 ga Mayu, da la'asar, a gidansu a birni

Ban kulle gidan ba, ba shi da makulli dama. Na share ɗakin girki, na zuba wa furannin baranda ruwa, ban san dalili ba. Benigno ya riga ya tafi da motar yaron, don haka a a-kori-kurar Amador muka fito, ni ke tuƙi, shi a gefe, Chato a baya a kan katifa. Kyaftin Dorsey yana jira a can bakin hanya cikin motarsa, ya dai yi hankali bai matso ba.

Da muka iso ƙofa, hannuna ya kai kan murfin mota zan sauka, na saba. Sai na ji nasa murfin ya buɗe. Ya sauka, ya sa kafaɗa sau ɗaya, ya ja ƙofar gefe. Na wuce na tsaya. Ina kallo a madubi ya jawo ta, ya rungumi sandar, ya danna, zobe ya shiga.

Ya rufe kansa a ciki, ni ina waje.

Yaron da yake buɗe ƙofar nan yana rufewa tun kansa bai kai tsayin sandar ba. Na leƙa ta taga, maganar ubansa tana kan harshena, zan ce masa ko a nan zai kwana. Sai na ga bai ɗago kai ya yi mamaki ba, ba kuskure ya yi ba. Ya ɗora goshinsa a kan sandar, ya riƙe wayar da hannu biyu, ƙaya da komai, kafaɗunsa suna girgiza. A bayansa ga hanyar gida, ga tudu, ga garke babu komai.

Na kashe mota. Na sauka, na je na rungumi sandar daga waje, kafaɗar nan ta ce ba ta san zance ba, na danna duk da haka har zoben ya fita.

Na ce, "Celso. Fito, ɗana, mu tafi."

Ya ce, "Mama, na ɗauka in na..."

Na ce, "Na sani. Fito. Dubi hannunka, duk jini."

Ya fito. Kyaftin ya taho a hankali ya ce kada mu damu, mu bar ta a buɗe, gobe za a zo a cire shingen gaba ɗaya. Ba wanda ya kalle shi a cikinmu. Celso ya sa kafaɗa, ni na saka zoben. Babu ko saniya ɗaya a ciki, amma a rufe muka same ta, a rufe muka bar ta.